Mavrodaphne: Giyar inabin Girka da tarihinta ke haɗe da zabibi

A kan wani tudu da ke wajen birnin Patras, a yammacin ƙasar Girka, akwai tsohuwar ma'ajiya inda har yau ake adana gangar katako mai ɗauke da giyar inabi ta shekarar 1873. Sunan giyar Mavrodaphne, ja ce mai duhu da zaƙi. Ko da yake abin sha ne da Musulunci ya haramta, tarihinta na manoma ne, kuma ya haɗa da lokacin da Girka ta tsiyace.

Wani Bajamushe mai suna Gustav Clauss, wanda harkar fitar da zabibi ta kai shi Patras, shi ne ya kafa kamfanin Achaia Clauss a 1861. Ana matse inabi, a bar ruwan ya fara tsima, kafin sukarinsa ya ƙare sai a zuba masa tatacciyar barasa da ke tsayar da tsimar. Shi ya sa zaƙin ke zama, ƙarfin barasar kuma ya kai kusan kashi 15 cikin 100. Daga nan sai ta yi shekaru cikin ganga.

Dokar ƙasar ta yarda a gauraya ta da inabin Koranti, muddin bai kai rabi ba. Wannan ƙaramin baƙin inabi marar ƙwallo shi ne ake shanyawa ya zama zabibi, kuma a ƙarni na 19 shi ne babban abin da Girka ke sayarwa a waje, musamman ga Ingila.

A shekarun 1870 wani ƙwaro mai cin saiwa, wanda ya shigo daga Amurka, ya lalata gonakin inabin Faransa. Faransawa suka koma sayen zabibin Girka suna jiƙa shi su yi giya. Farashi ya tashi, manoman yankin Peloponnese suka ci bashi, suka faɗaɗa gonaki, suka jingina rayuwarsu kan amfani guda. Da gonakin Faransa suka farfaɗo, sai ta ƙaƙaba haraji mai nauyi a 1892. Kasuwa ta faɗi warwas. A watan Disamba na 1893 Firaminista Charilaos Trikoupis ya sanar da majalisa cewa ƙasar ba za ta iya biyan basussukanta ba, sannan dubban matasan karkara suka yi ƙaura zuwa Amurka.

Manomin wake a Sanam ko wani ƙauyen Kurfai, wanda ya ga abin da rufe iyakar Nijar da Najeriya a 2019 da 2023 ya yi wa kasuwa, ba ya buƙatar dogon bayani kan wannan.

Har gobe noman inabi a Girka na ƙananan gonakin iyali ne, da yawansu a kan duwatsu da tsibirai, kuma ƙasar na da nau'o'in inabi na gida sama da 200. Kasuwar giya mai zaƙi ta ja baya, don haka wasu masu sana'ar a Patras da tsibirin Kefalonia suka koma sarrafa inabin Mavrodaphne ba tare da zaƙin ba. Tsohon samfurin dai bai rasa masu saye ba: majami'un Otodoks da dama na amfani da shi wajen ibada.