Sojan Ruwa da Iyalinsa

Gumel tana nesa da teku ƙwarai, amma 'ya'yan Arewa da yawa sun yi aikin sojan ruwa. An kafa wannan runduna a 1956 don tsaron gaɓar tekun Nijeriya. Wani Bakano, Awwal Zubairu Gambo, ya shugabance ta daga 2021 zuwa 2023.

Aikin da wuya yake. Jirgi yakan yi makonni bai zo gaɓa ba, ga igiyar ruwa, ga 'yan fashin teku. Duk da haka sojan kirki ba ya mance gida. Yakan aiko da kuɗin abinci da na makaranta, uwargida kuwa ta riƙe yara.

Kowace shekara, ran 15 ga Janairu, akan tuna da mazan jiya, a taimaki matansu da marayun da suka bari.