Bindigar Aljihu: Abin da Mai Sayarwa Ba Zai Faɗa Maka Ba

Wata ranar kasuwa bayan la'asar, ƙanen wani abokina da ke fataucin hatsi tsakanin Rogo da Dawanau ya ja ni gefe a teburin mai shayi, ya miƙo mini wayarsa. Bidiyo ne na wani Ba'amurke mai gemu, ya baje ƙananan bindigogi huɗu a kan tebur kamar mai tallar agogo, yana ɗaga wannan yana ajiye waccan. Wannan ba ta da nauyi, wannan tana cin harsashi goma sha biyar, wannan kuwa in ka soke ta a ƙugu ka saki riga, ko matarka ba za ta gane ba. Yaron ya waiga hagu da dama, ya rage murya ya ce, "Yaya, kai da ka yi boko, wacce ce ta dace da mutum irina? Akwai wanda ya ce zai kawo mini har gida."

Ban yi masa dariya ba, domin na san abin da ke cin sa. Ƙaraye da Rogo a bakin iyaka suke. Ka miƙa yamma kaɗan kana ƙasar Katsina, ka gangara kudu ka faɗa Kaduna ta wajen Maƙarfi. Labarin abin da masu garkuwa da mutane suka yi wa ƙauyukan Faskari da Sabuwa da Giwa ba a rediyo kaɗai muka ji shi ba, daga bakin waɗanda suka yi hijira muka ji. Mutumin da ya sayar da masara buhu hamsin ya kamo hanyar gida da magariba a kan babur, in ya ce gabansa ba ya faɗuwa, ƙarya yake. Tsoron gaskiya ne. Maganin da ake tallata masa ne na jabu.

Abu na farko da na gaya masa shi ne, mutumin cikin bidiyon nan yana magana ne da mutanen ƙasarsu. A Amurka tun 1791 tsarin mulki ya ba ɗan ƙasa 'yancin mallakar makami, kuma a 2022 kotun ƙolinsu ta ce wannan 'yanci ya haɗa da fita da ƙaramar bindiga bainar jama'a. Shi ya sa yake zaɓen bindiga kamar yadda kake zaɓen takalmi. Mu a nan dokarmu daban. Dokar bindigogi ta 1959, wadda har gobe ita ke aiki, ta kasa bindigogi gida uku. Akwai na gargajiya da ake ɗura wa albarushi ta baki, irin su adaka da harba-ka-ruga, waɗanda sha'aninsu ke hannun kwamishinan 'yan sandan jiha. Akwai na farauta irin mai baki ɗaya da mai baki biyu, waɗanda lasisinsu ke hannun Sufeto Janar. Sai kashi na uku, haramtattu, waɗanda babu mai riƙe su sai da izinin shugaban ƙasa da kansa. Mutane da yawa suna zaton ƙaramar bindiga, tunda ƙarama ce, laifinta ma ƙarami ne. To, a cikin haramtattun nan take, ita da libarba, a jeri guda da bindiga mai sarrafa kanta da gurneti da igwa. Ƙanƙantar tata ce ma ta ja mata, domin abin da ake iya ɓoyewa a riga shi ne abin da ɗan fashi da mai kisan gilla suka fi so.

Hukuncin wanda aka kama da ita ba tare da izini ba, a ƙarƙashin wannan doka, ɗauri ne da bai gaza shekara 10 ba. Akwai kuma dokar fashi da makami ta 1984, wadda ta tanadi tarar naira 20,000 ko ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba, ko a haɗa wa mutum duka biyun. Na taɓa jin wani a majalisa yana cewa ai dubu ashirin kuɗin cefane ne. Ba kai ke zaɓar dokar da za a tuhume ka da ita ba, ba kai ke zaɓar hukuncin ba, kuma kafin a zo maganar tara ka san adadin watannin da za ka share a gidan yari kana jiran shari'a, gonarka ta zama saura, abokan cinikinka sun kama wani. Harsashi ma shi kaɗai, ko babu bindiga, laifi ne a same shi a hannunka ba da izini ba. Haka maƙerin da ya ƙera ta, ko ya gyara ta.

Sai yaron ya ce, "To ai gwamnoni da bakinsu sun ce kowa ya nemi makami." Gaskiya ne an faɗa. Aminu Bello Masari ya faɗa a Katsina a 2021, cikin takaici. A watan Yunin 2022 gwamnatin Bello Matawalle ta yi shela a Zamfara cewa jama'a su nemi lasisin riƙe bindiga, amma babban hafsan tsaron ƙasa na lokacin, Janar Lucky Irabor, ya fito ya ce gwamna ba shi da wannan hurumi. Maganar gwamna a gaban makirufo ba ta goge ko layi ɗaya a dokar tarayya, kuma ranar da aka tsayar da kai a shingen bincike, gwamnan ba ya cikin motar. Bayan haka ma, a watan Agustan 2023 muƙaddashin Sufeto Janar na lokacin, Kayode Egbetokun, ya dakatar da bayar da sabon lasisin ƙananan makamai a faɗin ƙasa. Saboda haka duk wanda ya ce zai haɗa maka da takarda, takardar bogi zai ba ka, laifi ya zama biyu.

Amma mu ajiye doka a gefe na ɗan lokaci, tunda na san akwai mai cewa gara a kama ni da rai da a ɗauki gawata. Mu dubi abin da ƙaramar bindiga ke iya yi. Makami ne na kusa da kusa. Bakinta gajere ne, tana zillo a hannu in ta tashi, kuma ko jami'an da suka sha horo sukan yi harbi su kuskure mutum a tazarar da ba ta wuce faɗin tsakar gida ba idan abin ya zo da firgici. Su kuwa waɗanda kake tsoro ba ɗaya ɗaya suke zuwa ba. A kan babura suke zuwa, goyon biyu goyon uku, kowa da AK-47 mai cin harsashi 30, wadda ke samun mutum daga nisan mita ɗari uku. Su suka zaɓi ranar, su suka zaɓi lokacin, kai kuwa daga barci ka farka. Ka harba ɗaya cikin duhu, ka nuna musu inda kake, ka kuma mayar da masu neman kuɗi masu neman fansa, da iyalinka a bayanka. Kuma bindiga kanta dukiya ce a wurinsu. Ranar da labari ya fita cewa akwai ta a gidan wane, gidan ya ƙara daraja a idon ɓarawo. Labarin kuwa zai fita, domin ban taɓa ganin saurayin da ya mallaki bindiga ya iya haɗiye zancen ba. Sai ya nuna wa aboki ɗaya.

Wannan in ta ƙasar waje ce ke nan. Abin da ya fi yawo a hannun mutanenmu shi ne ƙirar gida, wadda ba a auna ƙarfin ƙarfenta ba, ba ta da makullin kirki da zai hana ta tashi. Irinta kan fashe a hannun mai harbi ta tafi da yatsu ko ido, ko ta tashi da kanta in ta faɗi ƙasa. Yanzu ka tuna inda ake cewa ka soke ta: a ƙugu, bakinta na kallon cinya, inda babbar jijiyar jini take. Ka hau babur da ita, ka tsuguna alwala da ita, ka yi ruku'u da sujada da ita. In waccan jijiya ta huje, jini na iya ƙare wa mutum cikin mintuna kaɗan, tun kafin a samo motar da za ta kai shi asibitin Ƙaraye, balle Kano.

Shi kuma mai kawo maka har gida, ka tambayi kanka daga ina ya samo. Bindigar da ke yawo a kasuwar bayan fage tana da tarihi, kuma ba za a ba ka labarinsa ba. Wataƙila da ita aka kashe wani a hanyar Zariya bara. In aka same ta a hannunka, kai za ka yi bayanin gawar da ba ka taɓa gani ba. Ranar da dillalin ya shiga hannu kuwa, sunayen waɗanda ya sayar wa ne abin da zai fara zubarwa. Masu talla a Facebook da WhatsApp ma sai ka yi hattara, da yawansu ba su da ko ƙusa. Ka tura kafin alƙalami su rufe layi, ka rasa wanda za ka kai wa ƙara, tunda ba ka iya zuwa gaban DPO ka ce an cuce ka a cinikin bindiga.

Abin da ya fi tsaya mini a rai dai shi ne gida. Ina yaro, a gidan wani kawuna tsohon soja, mun taɓa zaro wani abu mai nauyi naɗe da tsumma daga ƙarƙashin katifa, muna neman kuɗin alewa. Na tuna sanyin ƙarfen a tafin hannuna da ƙamshin man da aka shafa masa. Ɗan'uwana ya karɓe, ya saita ni yana dariya, yana cewa in ɗaga hannu. Matar kawu ce ta shigo, ta saki kwanon da ke hannunta, ta kasa ko salati. Sai da muka girma aka gaya mana akwai harsashi a ciki. Babu maɓoyar da yaro bai sani ba a ɗakin ubansa. Ba banza ba addini ya hana mutum nuna ɗan'uwansa da makami ko da wasa, kuma kisan kuskure ma yana da diyya da kaffara.

Bayan yara, akwai zuciya. Rigimar iyakar gona a damina, shanu sun shiga rake, gardamar bashi a kasuwa, cacar baki ranar zaɓe, saɓanin miji da mata da tsakar dare. Duk waɗannan mun saba ganinsu suna ƙarewa da zagi, ko mari, ko sanda, gobe dattawa su zauna a sasanta. In akwai bindiga a ƙugu, daƙiƙa biyu na ɓacin rai sun isa a rasa abin sasantawa. Ƙasar mai bidiyon ma ba ta tsira ba. A 2021 sama da mutum 48,000 ne bindiga ta kashe a Amurka, kuma fiye da rabinsu su suka harbe kansu. A Birtaniya kuwa, bayan wani mai lasisi ya shiga makarantar firamare a garin Dunblane na yankin Sikotilan a 1996 ya kashe yara 16 da malamarsu, sai gwamnatin Birtaniya ta haramta wa farar hula kusan duk ƙananan bindigogi a shekarar da ta biyo.

Mu Kanawa ba ma buƙatar zuwa nesa don sanin abin da ganin bindiga ke yi wa taron da ke cikin tsoro. A ƙarshen Maris na 2025, mafarautanmu da ke dawowa daga Fatakwal don yin Sallah a gida aka tare motarsu a Uromi ta Jihar Edo. Bindigogin farauta na gargajiya aka gani, aka yi musu ihun masu garkuwa, aka kashe mutum 16, da damansu 'yan ƙasar Bunkure. Zalunci ne tsantsa, kuma alhakinsa na wuyan waɗanda suka aikata. Amma in makamin sana'a da kowa ya sani tun kaka da kakanni ya zama hujjar da azzalumai suka fake da ita, me kake zaton zai faru da baƙon da rigarsa ta ɗage a tasha aka hango ƙaramar bindiga a ƙugunsa? Babu mai tsayawa ya tambaye shi ko ɗan kasuwa ne.

Ba ina cewa mutum ya naɗe hannu ba ne. Tsarin mulkin 1999 ya yarda mutum ya kare ransa da dukiyarsa gwargwadon barazanar da ta fuskance shi, sai dai 'yancin kare kai daban, izinin mallakar haramtaccen makami daban. Kuma gwamnatin da ta hana talaka riƙe bindiga ta ɗora wa kanta bashin tsare shi. Wannan bashi ya kamata a riƙa binsa da babbar murya, a gaban shugaban ƙaramar hukuma, da ɗan majalisar Ƙaraye da Rogo, da masarautar da aka sake kafawa a 2024 kan waɗannan ƙananan hukumomi biyu. Abin da na ga yana aiki a ƙauyuka ba shi da kwarjini irin na bidiyo. 'Yan sintiri ne da hukuma ta san da su, da mai unguwar da ke sanin baƙon da ya kama haya, da kula da wanda ke sayen burodi da man fetur da yawa ya nufi daji, da lambar DPO da ta dagaci a wayar kowane magidanci. Masu garkuwa ba sa shiga gari sai da ɗan gari, kuma ɗan garin nan ba bindiga ke kama shi ba, ido ne. Ga ɗan kasuwa irin ƙanen abokina, na ce masa ya bar yawo da tsabar kuɗi tunda ana tura su ta waya, ya daina faɗin ranar dawowarsa a majalisa, ya riƙa sauya lokaci, in dare ya yi masa ya kwana inda yake.

Wanda kuma tuni abin ya shigo hannunsa, kada ya ɗauko ta ya hau hanya da niyyar kai wa hukuma, domin a shinge babu mai karanta niyya. Ya fara samun lauya ko hakimi, a sanar da 'yan sanda, su san yadda za a karɓe ta. Haka wanda ya gaji bindigar farauta daga mahaifinsa. Lasisi ba gona ba ne, ba a gadonsa. Kwana 14 kacal doka ta ba magada bayan rasuwar mai lasisin. Na san gidaje a ƙasar nan da mai baki biyu ke rataye a bayan ƙofar turaka, an rufe ta da tsohon buzu, shekara ashirin bayan an yi sadakar arba'in ɗin mai ita.