Giwar Sama Ta Tsufa: Abubuwan Ban Mamaki Game da Jumbon Alhazai

Ka tsayar da duk wani dattijo a Gwandu ko Kalgo da ya sauke farali a shekarun baya, ka tambaye shi wane jirgi ya kai shi. Da wuya ka ji ya ce Boeing 747. Cewa zai yi "mai bene", ko "jumbo", ko ya kira sunan mai shi kawai: jirgin Kabo, jirgin Mangal. To wannan jirgi ya kama hanyar ritaya. Ranar 31 ga Janairun 2023 kamfanin Boeing ya miƙa na ƙarshe da ya ƙera, cikon na 1,574, ya rufe layin. Ga abin da na tsinto a kansa, wani daga takarda, wani daga bakin alhazanmu.

Sunan ma na giwa ne. Jumbo wani toron giwa ne da aka kama yana ƙarami a yankin Sudan wajen 1860. Ya zauna gidan namun daji na Landan daga 1865, aka sayar da shi ga wani mai wasannin nishaɗi na Amurka, Barnum, a 1882, sannan jirgin ƙasa ya buge shi ya mutu a Kanada a 1885. Girmansa ya sa Turawa suka riƙa kiran duk wani abu ƙato da sunansa. Abin dariyar, tambarin tsohon kamfaninmu na ƙasa, Nigeria Airways, wanda ya durƙushe a 2003, giwa ce mai fukafuki.

Kuma ta Sudan ɗin nan ce kakanninmu suka riƙa bi zuwa Makka, a ƙafa da bisa jakuna. A yi noma a nan, a yi ƙodago a can, a tara guzurin zango na gaba. Wani ya fita da ɗa goye ya dawo da shi da gemu, wani kuma can ya yi zamansa. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo da kansa, wanda hubbarensa ke Gwandu, ya taɓa ɗaukar hanyar gabas wajen 1807 da niyyar Makka. Mutanen Kano suka tsayar da shi, ya rubuta musu Diya'ul Hukkam, ya juyo gida. Tafiyar da ta gagari Mai Gwandu, jikokin almajiransa sun yi ta cikin kamar awa 5, suna zaune ana miƙo musu shinkafa da kaza.

A 1903, shekarar da Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya yi shahada a Burmi kan hanyarsa ta gabas, a cikinta 'yan'uwan nan Wright suka fara tashi da jirgi a Amurka. Tashin farko daƙiƙa 12 ya yi, mita 37 ya ci. Jumbo samfurin 400 tsawonsa ya haura mita 70, faɗin fukafukansa mita 64. Wato da a bisa fukafukan jumbo aka yi wancan tashi, da ba su kai ɗaya bakin ba.

Wata gwaggona, Allah ya jiƙanta, ta sha ba mu labarin shigarta. Da dare aka kwaso su daga sansanin alhazai, suka hau wata doguwar matakala, suka shiga wani zaure mai fitilu, kujeru goma a jere, uku nan, huɗu tsakiya, uku can, ga lungu biyu na wucewa, ga wani bene a ciki ana hawa. Ta samu wuri ta zauna, ta rungume jakarta mai kilo 8, tana jira. Da jiran ya ishe ta sai ta taɓa wani ɗan unguwarsu da ke kusa.

"Ɗan nan, wai yaushe za a kai mu cikin jirgin?"

"Gwaggo, ai cikinai muke."

Ta ce ta dubi sama, ta dubi mutane har iyakar ganinta, ta ce, "Wanga gida shi ka tashi da mu?" Har ta rasu ba ta daina cewa ita fa ba ta ji tashinsa ba, salatin mutane kawai ta ji.

Gwaggo ba ta yi ƙauyanci ba. Jelar jirgin daga ƙasa ta kai mita 19, tsayin bene hawa shida, abin da ba na jin akwai irinsa a garinsu a lokacin. Idan ya sha mai ya ɗauki kaya, nauyinsa na iya kai tan 397. A lissafin mutanen Kabi, buhun shinkafa mai kilo 50 kusan 8,000 ke nan, lodin tirela 13, kuma ya ɗaga sama.

Cikinsa na cin mai sama da lita 216,000. Tankar mai lita 33,000 sai an juye shida da rabi kafin ya ce ya ƙoshi. A sama yana shan kamar lita 4 kowace daƙiƙa. Kafin ka gama karanta wannan sakin layi ya shanye jarka biyu.

Gudunsa wajen kilomita 900 ne a awa. Tsakanin Kalgo da Birnin Kabi bai kai masa minti biyu ba.

Tozon nan na kansa, wanda shi ya sa ko yaro ke gane shi daga nesa, ba don ado aka yi shi ba. Lokacin da Joe Sutter da injiniyoyinsa ke zana jirgin a shekarun 1960, kowa ya ɗauka jirage masu gudun da ya fi na sauti, irin Concorde, su za su kwashe fasinja nan gaba kaɗan. Sai suka yi dabara: a ɗora ɗakin matuƙa can sama, yadda in fasinja sun gudu za a iya ɗaga hancin jirgin a zuba kaya ta gaba. Concorde ya yi ritaya tun 2003. Wanda aka ƙera da shirin zama motar kaya ya ƙara shekara 20 ana ƙera sababbinsa. Ya fara tashi ranar 9 ga Fabrairun 1969, ya fara ɗaukar fasinja a Janairun 1970 da kamfanin Pan Am, daga New York zuwa Landan.

Bayan ɗakin matuƙan sai aka samu ɗan fili. A shekarun 1970 kamfanonin Turawa falo suka mai da shi, na masu kuɗi, da kujerun shan iska. Da jirgin ya zo hannunmu aka cika ko'ina da kujeru, sama da ƙasa, har ya riƙa kwasar maniyyata 500 da ɗoriya a sawu guda. Duk da haka, wanda aka tura bene yakan dawo gida yana faɗi kamar sarauta aka ba shi. Na san wani kawu da har yau in gardama ta yi zafi a majalisa sai ya tuna wa abokin hajjinsa cewa shi fa a sama ya zauna.

Mu dai na hannu muka samu, gaskiya ɗaya ce. Kabo Air, wanda marigayi Alhaji Muhammadu Adamu Ɗankabo ya kafa a Kano a 1980, ya sayo wasu jumbonsa bayan sun gama yi wa kamfanin Northwest na Amurka aiki. Max Air na Alhaji Ɗahiru Barau Mangal ya fara da waɗanda suka fito daga Japan Airlines. Kujerar da wani ɗan kasuwar Tokyo ya yi gyangyaɗi a kanta, ita wata hajiya daga Gwandu ta zauna tana jan carbi. Ban ga abin kunya a nan ba. Jirgin da aka kula da shi yakan yi shekara 30 yana aiki, kuma ba don waɗannan 'yan gwanjo ba, da dubban mutanenmu sun daɗe suna kwana a sansani suna jiran sawu.

Kwanan sansanin ma an sha shi. Kafin filin jirgi na Sir Ahmadu Bello da ke Ambursa ya fara ɗaukar alhazai, Sakkwato ake zuwa. Mutumin Kalgo ya bi ta Jega da Aliero, na Gwandu ya fito ta Tambuwal, a haɗu a bi Shagari da Boɗinga. A yi ban kwana da dangi har da kuka, a ce jirgi gobe, goben ta zama jibi, 'yan rakiya su cinye guzurinsu su fara taɓa na alhaji.

Babban abin da malaman bita ke fama da shi ba tashi ko sauka ba ne, banɗaki ne. Mutum ya saba da buta da fili, an kawo shi wani ɗan akurki da ruwa ke zuba da ƙyar. Ana ta roƙo kada a yi alwala a jiƙa ƙasa, ana ta gargaɗi kada a ɓoye goro a kaya. Gwaggo ta ce ita ko ruwa ƙin sha ta yi har Jidda, don kada ma buƙatar ta taso.

Tayoyinsa 18 ne, 16 a ƙarƙashin ciki, biyu a hanci. A Oktoban 2013 wani jumbo ɗauke da mutum sama da 500 ya sauka Sakkwato kan hanyarsa ta Saudiyya, tayoyi suka fashe, kowa ya fito lafiya. Amma taya ba abin rainawa ba ce. Hatsarin da ƙasar Sakkwato ba ta mantawa, na ranar 11 ga Yulin 1991 a Jidda, daga tayoyi marasa isasshiyar iska wutar ta tashi. Mutum 261 suka rasu, yawancinsu alhazai masu komowa Sakkwato, makonni kaɗan kafin a yanke jihar Kabi ranar 27 ga Agusta. Mutane kan haɗa shi da jumbo, alhali DC-8 ne. Allah ya jiƙansu.

Shi ma jumbon yana da nasa baƙin tarihin. Hatsarin jirgin sama mafi muni, na tsibirin Tenerife a 1977, jumbo biyu ne suka yi karo a ƙasa cikin hazo, mutum 583 suka mutu. A gefe guda kuma, a 1982 wani na British Airways ya shiga tokar dutse mai aman wuta a saman Indunusiya, injinansa huɗu suka mutu gaba ɗaya. Ya yi ta lilo yana gangarowa har mintoci, injinan suka sake kamawa, ya sauka Jakarta ba wanda ya rasa ransa.

Lodin da ya fi kowane: a Mayun 1991 wani jumbon kamfanin El Al ya kwashi Yahudawan Habasha sama da 1,000 a tashi ɗaya daga Addis Ababa, bayan an cire kujeru. Direbobin tashar Jega sai su sara masa.

Yana iya ɗaukar inji na biyar a ƙarƙashin fiffike, ba don ya yi aiki ba, sai don a kai wa wani ɗan'uwansa da ya lalace a wata ƙasa. Qantas ya yi haka a 2016, daga Sydney zuwa Johannesburg. Hukumar NASA kuwa goya masa kumbon 'yan sama jannati ta riƙa yi a gadon baya. Jirgin shugaban Amurka tun 1990 shi ma jumbo ne.

Samfurin 400 yana da sassa kusan miliyan 6 da wayoyin lantarki masu tsawon kilomita 270 da wani abu. Amma har 2020 da tsohon faifan kwamfuta ɗin nan mai kusurwa huɗu, wanda yaran yanzu ba su taɓa gani ba, ake sabunta wa wasunsu taswirar hanya duk kwana 28.

Me ya kai shi ritaya? Ciki. Inji huɗu ne da shi, ga kuma sababbin jirage masu inji biyu, irin su Boeing 777 da 787 da Airbus A330, suna zuwa inda yake zuwa da mai kaɗan. Annobar korona ta ƙarasa shi: a 2020 British Airways da KLM da Qantas duk suka ajiye nasu. Na ƙarshen Qantas ya zana hoton dabbar kangaru a sararin sama da hanyar da ya bi kafin ya wuce maƙabartar jirage a hamadar Amurka. Wanda Boeing ya ƙera na ƙarshe shi kuma kambin sarauta ya zana da lambar 747. Lufthansa da Korean Air da Air China na cikin 'yan kaɗan da suka ci gaba da ɗaukar fasinja da shi, sauran yawanci kaya suke dako.

Tsofaffin kuwa kowa da inda ƙaddara ta kai shi. A Suwidin an mai da ɗaya otal a 2009, har da ɗakin kwana a mazaunin matuƙa. Bahrain ta nutsar da ɗaya cikin teku a 2019 don masu ninƙaya su riƙa kallo. A Ingila an sayar da wani kan fam ɗaya tak, aka mai da shi zauren biki. Namu an daɗe ana hango wasunsu a gefen filin jirgi na Malam Aminu Kano, rana da ƙurar hunturu na cin fentinsu.

Ranar 15 ga Mayun 2024, daga Ambursa sawun farko na alhazan Najeriya gaba ɗaya ya tashi, Mataimakin Shugaban Ƙasa Kashim Shettima ya zo sallama. Jirgin Flynas ne, ba shi da tozo, ba shi da bene.

A ganina an yi wa jumbo rowar godiya a ƙasar nan. Waɗanda ya kai yawon shan iska sun yi masa biki da hawaye, mu da ya kai Ɗakin Allah ko sallama ba mu yi masa ba. Ina roƙon gwamnatin Kabi da masu kamfanonin nan, kafin 'yan gwangwan su yanka na ƙarshe su auna a kilo, a samo ɗaya a girke a Ambursa, maniyyata su riƙa bita a cikinsa, 'yan makaranta su hau benen su gani. Kai kuma mai karatu, in akwai tsohuwa a gidanku da ta shiga mai bene, je ka da wayarka yau ka ɗauki labarin daga bakinta. Ni ban ɗauki na Gwaggo ba.