Matar Da Aka Auro Daga Nijar: A Tanadi Takardu Tun Da Wuri

Mu da ke Zurmi, Shinkafi da Ƙauran Namoda mun saba auro mata daga ƙasar Maraɗi. Duk gari ya shaida auren, amma ma'aikacin shige da fice takarda yake dubawa. A Janairu 2025 kuwa Nijar ta fita daga ƙungiyar ECOWAS, don haka kada mu dogara ga sauƙin da muka saba.

Sashe na 26 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba matar ɗan Nijeriya damar neman zama 'yar ƙasa ta hanyar rajista. Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida ce ke karɓar roƙon.

Ga abin da za mu tanada. Na fari, takardar aure. In a coci aka ɗaura, a tambayi fasto ko cocin yana da lasisin gwamnati. Sai takardar haihuwar matar da fasfonta, da shaidar cewa mijin ɗan ƙasa ne, da takardun haihuwar yara daga Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa.

A lura da sunaye. A Nijar ana rubuta Issoufou, mu kuwa Yusufu. In suka saɓa, a yi takardar rantsuwa a kotu.

'Yan'uwa, in an sayar da amfanin gona, a ware kuɗin wannan aiki. A ba magatakardan ƙungiya kwafi ya ajiye, saboda gara da gobara. Ba a fafe gora ranar tafiya.