Malamin Littattafai A Ƙasar Gabas

Duk baƙon da ya sauka a unguwar Hausawa ta Enugu, ko ta Anacha, ko ta Fatakwal, da an gama gaisawa tambayar da za ta biyo baya ita ce me ya kawo. Watau shanu ne, ko albasa, ko wake, ko kuwa canjin kuɗi ya zo yi. Ran da na sauka Enugu da takardar canjin wurin aiki a aljihuna, aka yi mini wannan tambaya a bakin masallaci bayan Azahar, na ce ni ma'aikacin laburare ne, aikina tsare littattafai da ba da aronsu. Wani dattijo mahauci ya dube ni ya sake dubana, kana ya tambayi na kusa da shi ko ana samun abinci a wannan sana'a. Tun daga ran nan sunana na yanka ya ɓace a unguwar, yaro da babba sai Malamin Littattafai.

Da yake yawancin masu karanta wannan shafi 'yan'uwa ne mazauna Kudu, kuma da dama sun sha tambayata abin da nake yi daga safe zuwa La'asar, na ga ya kamata in bayyana, tunda akwai roƙon da nake so in yi musu a ƙarshe.

Amma sai mai karatu ya fara sanin irin ƙasar da na zo. A sha'anin laburare na jama'a, Gabas ta riga kowa shiri a Nijeriya. A cikin 1953 hukumar UNESCO ta kira taro a Ibadan a kan yadda za a kafa ɗakunan karatu a ƙasashen Afirka. Bayan shekara biyu, watau 1955, Gwamnatin Jihar Gabas ta yi doka ta kafa Hukumar Laburare mai zaman kanta. Ganin haka UNESCO ta zaɓi Enugu don gwaji, aka buɗe babban ɗakin karatu na garin a 1959, Mista Kalu Okorie yana shugabancin aikin. Har mota suka samu wadda take zagayawa da littattafai makarantu da garuruwa, kuma kafin yaƙi sun buɗe rassa a Fatakwal da Anacha. Mu a Arewa muna da namu a Kaduna tun 1952, wanda yake aika akwatunan littattafai zuwa ɗakunan karatu na En'e, sai dai kome ya dangana ga irin kulawar da kowace En'e ta ga dama ta yi. Yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya yi wa ɗakunan karatu na Gabas mummunar ɓarna, littattafai masu yawa suka ƙone ko suka salwanta, daga baya aka sake tarawa da kaɗan-kaɗan.

To, aikin kansa ba shi da hayaniya. Littafi in ya shigo sai a buga masa hatimi, a shigar da shi rajista, a ba shi lamba bisa tsarin da Ba'amurke Melvil Dewey ya fito da shi a 1876, wanda ya kasa ilmin duniya kashi goma. Addinin Musulunci, alal misali, yana lamba 297. Masu zuwa karatu galibinsu 'yan makaranta ne masu shirin jarrabawa, waɗanda suke neman kujera da shiru fiye da littafi, sai tsofaffin ma'aikata masu zuwa don jaridu. Babban abokin gābarmu a nan shi ne laima. A gida ƙura muke yaƙi da ita, da hunturu mai busar da takarda har ta riƙa karyewa. A nan kuwa ruwa ake yi wata da watanni, bangon littafi ya yi funfuna, shafuffuka su manne, gara da kyankyasai su sami gida. Saboda haka rabin aikina da damina shi ne buɗe tagogi, da janye kantoci daga jikin bango, da shanya abin da ya jiƙe.

Akwai wani abu a tsarin Dewey da ya daɗe yana ba ni dariya. Harshen Ibo da na Yarabawa suna maƙwabtaka a ƙarƙashin lamba 496, amma Hausa an kai ta 493, kusa da harshen Misirawan dā da na Buzaye da na Somaliya, saboda masana sun ce danginta ke nan. Ashe ko a kan kanta Bahaushe baƙo ne a Kudu. Da na duba wannan lungu a wurin aikina, abin da na tarar bai wuce ƙamus na Abraham da 'yan littattafan koyon Hausa na Turawa ba. Ban ga laifin kowa ba, don laburare yana sayen abin da ake nema ne, mu kuwa ba mu zuwa balle mu nema.

Aikina na biyu, wanda ba a biyana ko kwabo, yana farawa bayan Magariba. Da jama'a suka gane ina karanta Turanci kuma ina shiga ofisoshi, sai ƙofar ɗakina ta zama wurin akawu. Wannan ya zo da takardar asibiti a fassara masa, wancan takardar haya ce mai gida ya ba shi ya sa hannu bai san abin da ke ciki ba, wani kuma fom ɗin makarantar ɗansa. Na taɓa karanta wa wani mai sayar da tumatir yarjejeniyar rumfa, muka ga an rubuta wata shida alhali shi kuɗin shekara ya biya. Da aka koma da shaidu aka gyara. A daren nan na ci tsire har na bar saura.

Wannan ne ma ya sa na yanke shawarar farko ta zamana a nan. Abokan aikina sun samo mini ɗaki a unguwar ma'aikata, mai ruwan famfo da tsabta, na gode musu na zauna cikin 'yan'uwa. Ina jin kiran salla, ina shan kokon safe, in na yi zazzaɓi akwai mai leƙo ni. Amma ban rufe kaina ba. Na koyi gaisuwar Ibo da ciniki da ita, na saba da okpa, wadda da na bincika na ga gurjiyarmu ce aka niƙa aka dafa kamar alala. Ran Juma'a kuma abokin aikina Kirista yana riƙe mini tebur har in dawo daga masallaci, ni kuma in riƙe masa lokacin Kirsimeti da Ista, in zai tafi ƙauyensu.

Shawara ta biyu ta fi wuya, ita ce ta iyali. Yawancin mutanenmu suna barin mata da yara a gida, su riƙa zuwa da Salla ko da damina. Na gwada haka shekara biyu, na ga albashi ba ya ɗaukar tukunya biyu, kuma ƙaramin ɗana ya fara ɓuya a bayan uwarsa in na zo. Sai na ɗauko su, ko da yake surukaina ba su so ba. Abin da ban yi tsammani ba shi ne abin da zai sami harshensu. Yaran suna jin Hausa sarai, suna zuwa makarantar allo da yamma, amma a makarantar boko Turanci ne da Ibo, a titi kuma Turancin buroka. Wata rana na miƙa wa babbar 'yata Magana Jari Ce na Alhaji Abubakar Imam, yarinyar da take karanta Turanci kamar ruwa, sai ga ta tana in'ina, ta kasa rabe ƙ da k. Na ji kunya ƙwarai, ga ni mai tsaron littattafan mutane, gidana ba mai karanta harshen uwarsa.

Daga nan na sa kafinta ya yi mini akwatin katako mai kwado. Duk zuwana gida sai in biya Zariya ko Kano in sayo abin da aljihu ya iya: Ruwan Bagaja, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, Ganɗoki, Iliya Ɗan Maiƙarfi, littattafan addini, da na marubutan Kano irin su Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino. Na ajiye akwatin a shagon wani tela, da littafin rubutu na shigar da sunan mai aro. Na zaci yara za su fi zuwa. Ashe matan aure ne, ta hannun 'ya'yansu, sai masu gadi, waɗanda dare yake yi musu tsawo. Wayar hannu ta rage masu aro, gaskiya ne, don yanzu mata da yawa a waya suke karanta labari, amma mai gadin da ba shi da wurin cajin waya har gobe yana zuwa. Littattafai suna ɓata, wani ya tafi gida da shi bai dawo ba. Da fari ina jin zafi, daga baya na daina lissafi.

Anacha, wadda take kusan kilomita 100 daga Enugu, nakan je ta don sha'anin aiki, in sauka wurin 'yan'uwa a wajen titin Bida kusa da babbar kasuwa. Garin nan yana da tarihin da ya kamata mu yi tunani a kansa. Daga ƙarshen shekarun 1940 har zuwa yaƙi, 'yan kasuwar Anacha sun riƙa buga ƙananan littattafai masu araha cikin Turanci, na soyayya da nasiha da koyon rubuta wasiƙa. Cyprian Ekwensi, wanda aka haifa a Minna kuma yake jin Hausa, yana cikin na farko da aka sayar da littafinsa a haka. A lokacin manyan 'yan boko sun raina su, ba a damu da tarawa ba, ga shi kasuwar ta ƙone lokacin yaƙi. Mai neman su yau sau da yawa sai ya nufi jami'o'in Amurka da Ingila. Irin wannan ciniki ne ya tashi a Kano tun tsakiyar shekarun 1980, aka kuma yi masa irin wannan raini. Dokar Laburaren Ƙasa ta 1970 ta wajabta wa duk mai buga littafi ya kai kwafi 3 a ajiye, amma marubucin da ya buga da kuɗin aljihunsa ya kai kasuwa, da wuya ya san da wannan doka.

Fatakwal kuwa UNESCO ta naɗa ta babban birnin littafi na duniya na shekarar 2014, karo na farko da wani gari a Afirka kudu da Sahara ya sami wannan. Na je na ga taron, na ji daɗi, amma da na koma masauki cikin 'yan'uwa da dare na ba da labari, ba wanda ya ji an yi.

Ba zan ɓoye ba, akwai lokatan da na ɗaure kaya. A Fabrairun 2006, bayan rikicin Maiduguri, an yi ramuwar gayya a Anacha, aka kashe mutane aka ƙone masallatai, jama'a suka tsallaka gada zuwa Asaba ko suka fake a bariki. A Oktoban 2020 aka yi tashin hankali a Oyigbo kusa da Fatakwal. Daga Agustan 2021 kuma aka shiga zaman gida na ranar Litinin a jihohin Ibo, muka yi ta rufe ɗakin karatu a ranar da ta fi kowace cika. Kowane karo daga gida ana bugo waya a ce in nemi canji. Na taɓa rubuta takardar neman canjin har na sa hannu, ta kwana uku a aljihuna, ban miƙa ba. Yaran suna tsakiyar karatu, maƙwabtanmu Ibo sun tsaya mana a lokacin da ake tsoro, kuma akwai aikin da na fara wanda in na tafi ban san mai ci gaba da shi ba.

Aikin shi ne tarihin zamanmu a nan. Mutanenmu sun daɗe a ƙasar nan, kuma sun ƙaru bayan da jirgin ƙasa ya haɗa Fatakwal da Enugu a 1916 saboda kwal, daga baya layin ya miƙa Arewa. A shekarun 1950 wani Bafulatani daga ƙasar Sakkwato, Malam Umaru Altine, mai fataucin shanu kuma ɗan jam'iyyar NCNC, shi aka zaɓa magajin garin Enugu na farko. Na tambayi samari goma a bakin masallaci, ba wanda ya taɓa jin sunansa. Gidan ajiye takardun tarihi na ƙasa yana da reshe a nan Enugu, amma abin da ke ciki galibi abin da Turawa da gwamnati suka rubuta ne. Namu yana cikin adakar tsofaffi: wasiƙun ajami, takardun filin masallaci da na maƙabarta, rasit na harajin kara, hotunan naɗin Sarkin Hausawa. Wani dattijo da na yi niyyar ɗaukar maganarsa ya rasu kafin in shirya, da na je ta'aziyya na tarar 'ya'yansa sun ƙone takardunsa da gara ta ci, sun zaci shara ce.

Saboda haka roƙona ga sarakunan Hausawa da limamai da shugabannin kara na Enugu da Anacha da Fatakwal shi ne, duk mai irin waɗannan takardu kada ya ba kowa asalinsu, ko ni. A ɗauki hotonsu da waya a wuri mai haske, shafi-shafi, a rubuta sunan mai su da garin da aka same su, a ajiye kwafi wurin limami, a kuma nemi kai wani Gidan Arewa da ke Kaduna. Asalin kuwa a sa shi cikin ambulan na takarda, ban da leda don tana riƙe laima, a ɗora a sama nesa da bango. Wanda yake kusa da Enugu kuma bai iya ba, ya tambayi Malamin Littattafai a bakin masallaci bayan sallar Juma'a, ina nan har La'asar.