Abubuwan da ke Sa a Karɓi Sababbin Hanyoyin Hada-hadar Kuɗi: Misali Daga Bagega

Manufar wannan takarda ita ce mu duba abin da ke sa mutumin karkara ya yarda ya aika kuɗi ko ya karɓa ta wayar hannu. Mun ɗauki Bagega, garin masu haƙar zinariya a ƙaramar hukumar Anka, domin kuɗi na juyawa a can, alhali kuwa banki na nesa, hanya kuma ba tsaro.

Galibi akan ɗora laifin ja-da-baya a kan rashin ilmin boko. Mu dai ba mu gamsu da wannan ba. A ganinmu, abu na farko shi ne amana. Tun da Babban Bankin Nijeriya ya fitar da ƙa'idojin wakilan banki a 2013, mai POS ya zama shi ne bankin ƙauye. Ɗan gari ne, an san gidansu, in kuɗi sun maƙale akwai ƙofar da za a ƙwanƙwasa. Wannan ne ya sa wakilan OPay da Moniepoint suka samu shiga, amma eNaira, wadda aka ƙaddamar a watan Oktoba na 2021, ba ta yi kasuwa ba, don ba ta da fuskar da aka sani.

Na biyu shi ne tilas. Sauyin fasalin naira ya haddasa ƙarancin takardun kuɗi a farkon 2023, har Jihar Zamfara, tare da Kaduna da Kogi, suka kai ƙarar Gwamnatin Tarayya Kotun Ƙoli. A watannin nan mahauci da mai hatsi suka koyi karɓar tiransifa, ba don sha'awa ba. Sai mu yi hattara, kada mu kira wannan gamsuwa.

Akwai kuma tsoron riba, ko da yake buɗe bankin Jaiz a 2012 ya ɗan rage shi.

Amma duk waɗannan sun rataya ne a kan sabis. A watan Satumba na 2021 aka katse layukan sadarwa a Jihar Zamfara saboda yaƙi da 'yan bindiga, yankunan karkara suka yi makonni ba waya. Wanda kuɗinsa ke cikin asusu ya wayi gari ba ya iya taɓa su sai ya yi tafiya a kan hanya mai haɗari, wanda ya ɓoye nasa a ɗaka kuwa ya ci kasuwarsa. Ɗan kasuwar Bagega da ya ga wannan da idonsa, in a yau ya raba dukiyarsa biyu, rabi a waya rabi a hannu, lissafi ya yi.