Inshorar Lafiya a Ƙasar Kabo da Gwarzo: Wane Asibiti Zai Karɓi Katinka?

Daga watan Agusta zuwa Oktoba, idan ruwa ya kwanta a kududdufai sauro ya yi yawa, asibitocin ƙasar Kabo da Gwarzo kan cika da yara masu zazzaɓi da jijjiga. A daidai wannan lokacin ne rumbun manomin ƙauyen Dugabau da ke wannan yanki ke gab da ƙarewa, kuɗinsa ya tafi a taki da biyan 'yan ƙwadago, sabon amfani kuma bai iso gida ba. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna cewa fiye da kashi 70 cikin 100 na abin da ake kashewa kan lafiya a Najeriya, majiyyaci ne ke fiddo shi daga aljihunsa a ranar da ciwo ya kama shi. A ƙauye kuwa aljihun nan shi ne akuyar uwar gida, ko masarar da aka sayar tun tana tsaye a gona, ko ita gonar kanta a bayar da ita jingina. Amfanin inshorar lafiya shi ne ta raba ranar biya da ranar ciwo, mutum ya ba da kaɗan lokacin da yake da shi, a yi masa magani lokacin da ba shi da ko sisi.

Tsarin ya daɗe a takarda. An yi dokar shirin inshorar lafiya na ƙasa a 1999, aka ƙaddamar da shi a 2005 zamanin Obasanjo, ya kuma tsaya mafi yawa a kan ma'aikatan tarayya. Dokar lafiya ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya domin asusun kula da lafiya a matakin farko, da nufin kowace mazaɓa ta samu asibiti ɗaya mai aiki. Jihar Kano ta yi tata dokar a 2016, ta kafa hukumar taimakekeniyar lafiya ta KSCHMA. A watan Mayun 2022 Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar da ta kafa hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, NHIA, ta kuma wajabta inshorar lafiya a kan kowa. A gefe guda ga kamfanoni masu zaman kansu da ake kira HMO, irin su Hygeia da Avon da AXA Mansard da Reliance, waɗanda yanzu ake iya sayen katinsu ta wayar hannu. Tallansu ya isa ƙauye, shi ya sa ya kamata a san ma'aunin da za a auna su da shi.

A ganina ma'aunin farko ba farashi ba ne, ba kuma girman sunan kamfani ba. Shi ne asibitin da zai karɓi katin, da nisansa daga ƙofar gidan mai katin. Kamfanin HMO ba likita ba ne, dillali ne: yana karɓar kuɗi a hannun jama'a, ya ƙulla yarjejeniya da wasu asibitoci, ya riƙa biyansu. Duk asibitin da ba ya cikin jerinsa, katin ba ya aiki a can. Manyan kamfanonin nan a Legas suka kafu, abokan cinikinsu na asali bankuna ne da manyan ma'aikatu, saboda haka asibitocinsu a Jihar Kano sun taru ne a cikin birni da kewayensa. Daga Gwarzo zuwa Kano kimanin kilomita 70 ne. Matar da naƙuda ta zo wa da gardama ƙarfe biyun dare a Dugabau, Kabo ko Gwarzo za a nufa da ita, ba wanda zai tsaya neman asibitin kuɗi a unguwar Nassarawa ta birnin Kano. Idan asibitin da aka kai ta ba ya cikin jerin, mijinta zai biya sau biyu ke nan, ya biya kamfani a farkon shekara, ya kuma biya asibiti a daren.

Bayan nisa sai sharuɗɗan da ake rubutawa da ƙananan haruffa, kuma a nan ne mafi yawan rigima ke tasowa. Katin da mutum ya saya da kansa, ba ta wurin aikinsa ba, yawanci yana da lokacin jira: ana iya duba zazzaɓi tun farko, amma haihuwa da tiyata sau da yawa sai an yi watanni, wani lokaci har shekara. Wanda ya yi wa matarsa rajista da ciki wata biyar zai iya tarar da haihuwar ba ta ciki. Akwai kuma iyakar kuɗin da kamfani zai kashe wa mutum a shekara, da wata iyakar daban ga tiyata da kwanciya. Ciwon da mutum ya shigo da shi, irin su hawan jini da ciwon suga da sikila, ƙananan katuna kan cire shi ko su jinkirta shi, balle wankin ƙoda da maganin ciwon daji. Sannan ga lissafin iyali, wanda bai dace da gidajenmu ba. Tsarin ma'aikatan tarayya ya ɗauki mutum da matarsa ɗaya da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara 18, kamfanoni da yawa kuma a kan wannan suka gina nasu. Magidanci mai mata biyu da 'ya'ya goma sha ɗaya, ga tsohuwa a ɗakin tsakar gida, sai ya ƙara kuɗi a kan kowane kai, ko kuwa ya zaɓi waɗanda za a rubuta, zaɓin da ke iya tayar da ƙura tsakanin ɗakuna. Hatta tura majiyyaci gaba, zuwa Asibitin Murtala ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, sai kamfani ya ba da lambar amincewa, don haka ya dace a tambaya tun wuri ko ana samun ta da dare da ranakun hutu.

Wani zai ce idan shekara ta ƙare bai yi ciwo ba kuɗinsa ya tafi a banza, gara ya dogara da dangi da adashi. Dangi suna ƙoƙari, ba mai musu. Sai dai dangin ƙauye gona ɗaya suke nomawa da damina ɗaya, idan babu ta zo, tare take zuwa musu, adashi kuma yana fita ne bisa layi, ba ya duba wanda ke kwance. Kuɗin wanda bai yi ciwo ba shi ne ya yi wa maƙwabcinsa tiyata, kuma da haka tsarin yake tsayuwa. Maganar da ta fi wannan nauyi ita ce ta addini. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta yanke a Jidda a 1985 cewa inshorar kasuwanci tana ɗauke da garari mai ɓata ciniki, amma ta halatta wadda aka gina a kan kyauta da taimakon juna. Tun 1979 aka kafa kamfanin irin wannan a Sudan, a Najeriya ma hukumar kula da inshora ta NAICOM ta fitar da ƙa'idojin irin wannan inshora, wato takaful, a 2013, kamfanoni kamar Noor da Jaiz suka biyo baya. Shirin Kano a kan taimakon juna aka ɗora shi. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta da kamfanin riba ba yana da ƙofa, bai zama dole ya zauna hannu rabbana ba.

Za a kuma ce katin gwamnati sunansa kawai, ka je asibiti a ce ba magani, a rubuta maka takarda ka tafi kemis. Wannan ƙorafi yana da tushe. Ana biyan ƙaramin asibiti wani ƙayyadadden kuɗi kowane wata a kan kowane mai rajista, ko ya zo ko bai zo ba. Idan kuɗin ya yi kaɗan ko ya makara, ga tsadar magani da faɗuwar darajar naira ta jawo tun 2023, sai asibiti ya fara fifita mai kuɗi a hannu. Jamhuriyar Nijar ta ɗanɗana haka bayan ta mayar da maganin yara 'yan ƙasa da shekara biyar kyauta a 2006, inda jinkirin biyan asibitoci ya bar kantunansu wayam. Amma wannan ciwo bai bar asibitocin kuɗi masu karɓar katin HMO ba, su ma kukan jinkirin biya suke yi. Abin da ya faru a Shonga ta Jihar Kwara daga 2007 ya fi koyar da darasi: Hygeia da ƙungiyar PharmAccess ta ƙasar Holan sun shigar da manoma inshora, amma sai da gwamnati da masu tallafi suka ɗauki mafi yawan kuɗin, aka kuma gyara asibitocin yankin tukuna. Kamfani mai zaman kansa ya yi aiki a karkara ne saboda an kawo asibitin kusa da mutane.

Saboda haka ga mafi yawan gidajen Dugabau, rajista da shirin jiha a asibitin da ke kusa ita ce farko, masu ƙaramin ƙarfi kuma su nemi gurbin da asusun tarayya ke biya musu. Katin kamfani yana da wurinsa ga ɗan kasuwar da rabin makonsa a Kantin Kwari ko Dawanau yake, ko ma'aikacin da iyalinsa ke birni, muddin ya ga jerin asibitocin da idonsa, ya kuma je asibitin da kansa ya ji daga bakinsu cewa har yanzu suna karɓar katin. Lokacin biya ma yana cikin zaɓin. Wanda ya biya da kaka, a Nuwamba ko Disamba da hatsi a hannu, yawancin watannin jiransa za su wuce a rani, idan jiran na 'yan watanni ne katin ya nuna kafin ruwan Agusta.